Wushiryar Umma

Mahaifina gyaran agogo ya yi duk rayuwarsa, a wani ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum biyu a tsaye. Na tashi na gan shi da gilashi maƙale a ido ɗaya, ya sunkuya kan abin da mu ko gani ba ma iya yi. Mutum ne da manyan abubuwa ba su dame shi ba. Ka canza kujerun falo kaf ba zai lura ba, amma maɓallin rigarka ɗaya ya bambanta da 'yan'uwansa, tun kana bakin ƙofa zai gaya maka. Da ciwon mantuwa ya kama shi, ya shiga kwashe masa mutane ɗaya bayan ɗaya, ban yi mamakin abin da ya rage masa ba. Ni 'yarsa ta fari ya mayar da ni "malama", wai ma'aikaciyar asibiti ce. Ƙannena ya mayar da su masu kawo gyara. Umma kaɗai ya riƙe, ita ma da abu guda, wushiryarta.

'Yar Taga yake kiran ta tun kafin a haife ni. Kullum da safe in ta shigo da shayi sai ya kafe ta da ido, fuska a ɗaure, kamar an kawo masa agogon da bai taɓa buɗe irinsa ba. Sai ta ce, "Mai Agogo, an tashi lafiya?" ta yi murmushi. Da ya ga tagar nan tsakanin haƙoranta na gaba sai kafaɗunsa su sauka.

"Au, 'Yar Taga, ke ce."

Daga nan ya ci abinci. Magani yakan karɓa a hannuna, tunda ni malamar asibiti ce, amma abinci sai nata. Haka muka zauna tsawon lokaci, har muka saba, muka daina ganin abin a matsayin ciwo.

Umma kuwa ashe tana da nata ciwon, ta rufe shi ruf. Jini a buroshi, ta wanke ta yi shiru. Bakinta ya fara wari, ta koma tauna kanumfari. Ni ban farga ba sai ranar da na ga tana yayyanka burodi ƙanana kamar za ta ba kaji, tana cusa shi ta gefen baki. Na ce ta buɗe in gani. Dasashinta ya kumbura ya yi ja, ya janye daga haƙoran, na gaban biyu suna rawa in ta taɓa su da harshe. Wushiryar da a da ƙarama ce ta buɗe har fensir zai wuce. Na yi fushi sosai, kuma har yau in na tuna ina yi. Mace ta kwashe shekaru tana wanke wa mijinta baki da hannunta safe da yamma, nata bakin yana ruɓewa, in an yi magana ta ce babu lokaci. Dangi kuwa da suka ji, kowa ya zo da ruwan gishirinsa da shawararsa, aka rasa mai cewa ta je asibiti ni in zauna da Baba.

Asibitin haƙoran yana saman wani kantin magani. Likitar mace ce siririya, da furfura a gaban goshi, ba ta da yawan magana. Ta ɗauki hoton ƙashin, ta haska mana a allo, ta nuna da bayan biro.

"Kin ga nan, Hajiya? Da duk wannan wurin ƙashi ne, shi ke riƙe da saiwar haƙori. Ciwon dasashi ya cinye shi. Na gefe zan iya ceto su, zan shiga ƙarƙashin dasashin in kankare dattin da ya daskare. Na gaban nan biyu sun riga sun tafi."

Ta ce za ta cire su, ta dasa ƙusoshi biyu masu murɗi a cikin ƙashin, a kansu za a ɗaura sababbin haƙora. Dasashin wurin ya yi siriri da yawa, don haka za ta yanko ɗan nama daga ganɗar Umma ta ƙara masa kauri. Duk a ƙarƙashin madubin ƙara girma za ta yi, don zaren ɗinkin ya fi gashin kai siranta. Sai ta ƙara wata magana da na riƙe.

"Ƙashin da ya rage kaɗan ne. Sau ɗaya zai karɓi dashe. In ya lalace, babu inda zan sake sa wani."

Har mun miƙe ta ce, "Wushiryar fa? A bar ta ko a rufe?"

Umma ba ta ko yi tunani ba. "A rufe, Likita. Na gaji da rufe baki da mayafi. Tun ina yarinya ake tsokanata da taga, yanzu ta zama ƙofar gareji. A rufe in huta."

Na yi dariya, Likita ma ta murmusa ta rubuta. A ɗakin nan babu wanda Baba ya faɗo masa a rai.

Ranar aikin an bar ni na zauna a kusurwa, inda nake ganin allon da ke nuna abin da madubin ke gani. Dasashin mahaifiyata ya cika allon kamar bango. Wuƙar da a hannun Likita ba ta kai tsinken sakace ba, a allon ta zama ƙatuwa. Ta ɗaga fatar a hankali, ta share mugunya da baƙin dattin da ya manne wa saiwoyin, ta cire haƙoran biyu ba tare da na ji ko ƙara ba. Ta huda, ta murɗa ƙusoshin. Ɗan naman ganɗar ta shimfiɗa shi da hantsaki, tana gyara masa zama, sannan ta fara ɗinki. Na ɗauke ido daga allon na dubi hannunta, ban ga zare ba, ban ga allura ba, sai yatsu da ke motsi kaɗan-kaɗan a kan iska. Wuyanta a sunkuye, numfashinta a riƙe. Irin zaman Baba ne sak a shagonsa, har ɗan tura leɓen da yake yi in zai ɗora wani ƙaramin abu. Nan na ji hawaye ya zo mini, na bar shi ya zubo tunda kowa yana kan aikinsa.

Da ta gama ta ɗaura haƙoran wucin gadi, biyu a haɗe kamar abu ɗaya, farare, a jere, babu ko tsaga. Ta ce haɗin nan da gangan ne, kowace ƙusa tana tokare 'yar'uwarta, don in suka yi motsi kafin ƙashi ya kama su, ba zai kama ba. Sai watanni sun wuce za a sa na dindindin.

"Kada ki ciji komai da su. Kada buroshi ya je wurin. Harshe ma ki hana shi yawo. Hannu kuwa, ko naki ko na wani, haram."

Umma ta kalli madubi ta daɗe. Leɓenta a kumbure, amma na ga ta ji daɗi. Ta ce, "Ashe haka mutane suke ji."

Mun iso gida da la'asar. Baba yana falo, ƙanwata da ta zauna da shi tana ta fama ya ƙi cin komai tun safe. Umma ko mayafi ba ta cire ba ta haɗa shayi ta kai masa.

"Mai Agogo, an wuni lafiya?"

Ta yi murmushi. Ya dube ta, ya dubi bakin, ya sake duban ta. Sai ya gyara zama, ya ja rigarsa ya rufe gwiwa, kamar yadda yake yi wa baƙi.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Matar gidan ta ɗan fita. Zauna mana, yanzu za ta dawo."

Ƙanwata ta yi dariya, ta zaci na ɗan lokaci ne. Ni ma na ce kumburi ne, in ya sauka zai gane ta. Kumburi ya sauka, bai gane ta ba. Ta ɗauko tsohon zanin da yake so ta ɗaura. Ta shafa turaren da ya saba. Ta zauna ta ba shi labarin shagonsa, da mai gidan haya na farko da suka yi, da ranar da aka haife ni. Yana saurara da ladabi, yana gyaɗa kai, in ta gama ya ce, "Ashe kin san iyalina sosai." In ta miƙa masa cokali sai ya ɗaga hannu.

"A'a, ci abinki. Ni sai ta dawo. Ba ma ci ɗaya babu ɗaya."

Ya sa aka kai masa kujera bakin ƙofa, inda yake hangen get. Nan yake wuni. Ruwa da shayi nakan lallaɓa ya sha da sunan magani, wani lokaci da ɗan madara a ciki, amma abin taunawa ya ƙi. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. Agogon hannunsa, wanda bai taɓa cirewa ba, ya koma zamewa har bayan tafin hannu. Likitansa ya zo ya duba, ya ce in aka ci gaba a haka sai an kwantar da shi an sa masa robar abinci ta hanci, kuma masu irin ciwonsa in suka kwanta ba kasafai suke tashi ba.

Na ce wa Umma mu koma wurin likitar haƙora mu gaya mata. Ta ƙi. "Da bakina na ce a rufe. Baiwar Allah ta wuni a sunkuye a kaina, in koma in ce ta warware? Kuma ba kin ji ta ce ba a raba su ba?" Umma irin matan nan ne da za su gwammace su mutu da su ɗora wa wani wahala sau biyu. Ina son ta, amma wannan halin nata ya sha kai ni bango.

Wata ranar da yamma na dawo daga aiki, na gaida Baba a bakin ƙofa, ya ce, "Sannu malama." Gidan shiru, sai wata 'yar ƙara da ke fitowa daga banɗaki, ƙirr, ƙirr, ta tsaya, ta sake. Na san ƙarar nan tun ina yarinya. Na tura ƙofar.

Umma na tsaye gaban madubi, ta ɗage leɓenta da hannun hagu. A hannun dama ƙaramin magagarin Baba ne, siririn nan da yake goge haƙoran 'yan ƙarafan cikin agogo da shi. Akwatin kayan aikinsa a buɗe a kan murfin masai. Ta riga ta yi 'yar tsaga tsakanin haƙoran biyu, amma magagarin ya zame ya hau sama. Jini na bin haɓarta, yana ɗiga a kwamin wanke hannu.

Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba, abin da ban taɓa yi ba. Na fizge magagarin. Na ce ta haukace ne, ta san abin da ta yi kuwa, ba ta ji an ce sau ɗaya ne ba? Ta bar ni na gama. Sannan ta tofar da jinin, ta ce a hankali,

"Ɗazu ya kira ni. Ya ce, baiwar Allah, in kin ga matata a hanya ki ce mata in wani laifi na yi mata ta yi haƙuri ta dawo. Wai ya duba ya rasa abin da ya yi."

Na naɗe auduga na danna mata a wurin, na kira ƙanwata ta zo ta zauna da Baba, muka fita.

Likita tana shirin rufewa muka hau. Da ta ga bakin, na ga muƙamuƙinta ya motsa. Ta yi allurar kashe zafi, ta jawo madubin. A allo na ga ɓarnar. Ɗinki da yawa sun tsinke, gefen naman da aka dasa ya ɗago ya yi fari. Ta wanke, ta mayar da shi mazauninsa, ta sake ɗinkewa ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta ɗaure na ƙarshe ta ture madubin, ta sauke abin rufe hancinta.

"Hajiya, da me kika yi wannan?"

Umma ta kawar da kai. Ni na fito da magagarin daga jaka na ajiye a tire. Likita ta ɗauka ta jujjuya shi.

"Na ga masu fasa ƙashin nama da haƙoran dashe. Na ga masu buɗe kwalba. Ban taɓa ganin wadda ta kai wa aikina magagari ba. Me na yi miki?"

Muryarta ba ta tashi ba, amma ranta a ɓace yake, kuma tana da gaskiya. Umma ta fara ba da haƙuri, na katse ta, don na san in aka bar ta haƙurin za ta yi ta bayarwa har mu koma gida ba a faɗi komai ba. Na gaya wa Likita duka, tun daga 'Yar Taga har kujerar bakin ƙofa da robar hanci. Ta saurara, magagarin yana hannunta.

"Me ya hana ku zuwa tun ranar farko?"

"Kunya," in ji Umma.

Likita ta yi ajiyar zuciya. Ta ce za ta iya buɗe wushiryar, ta bar ɗan siririn haɗi ta baya, can sama wajen ganɗa inda ido ba ya kaiwa. Amma ba zai yi ƙarfin na yanzu ba. Kuma kwance haƙoran a wannan lokacin, ƙashi bai gama kamawa ba, shi kansa haɗari ne, balle ga girgizar da magagari ya riga ya yi musu.

"Ina so ki ji ni da kyau. Kina iya rasa ɗaya, kina iya rasa duka biyun. In kika jira watannin nan, zan yi miki wushirya yadda kike so, babu fargaba."

"Shi ba zai kai watannin ba," in ji Umma. "Ni na iya cin burodi ta gefen baki, na daɗe ina yi. Buɗe, Likita."

Likita ta dube ni. Na so in ce wani abu, don bakin uwata ne, kuma na ga irin wahalar da ta sha kafin a kai nan. Amma ba ni aka tambaya ba tun farko, kuma ba ni da wata amsar da ta fi tata.

"To faɗinta fa?" Likita ta tambaya. "Kuna da hoto?"

Na duba waya. Duk hotunan da nake da su na bayan ciwon ne, ko ta rufe baki ko tagar ta riga ta wage. Sai Umma ta ce, da auduga a baki, "Tsinken ashana ɗaya yana shiga, biyu ba sa shiga. Shi ya auna, muna amare. Komai sai ya auna, mutumin nan."

Ni aka aika kantin ƙasa na sayo ashana. Na dawo na tarar ta kwance haƙoran, ta ɗora su a tebur ƙarƙashin madubin. Ta daɗe tana yanka, tana gogewa, tana zagaye gefunan don kada su yi kaifi kamar na roba. Can ta zaro tsinke ɗaya da hantsaki ta gwada, ya shige. Ta haɗa biyu, suka ƙi. Duk da halin da muke ciki sai da na kusa dariya, ganin babbar likita da safar hannu tana awo da ashana. Ta wanke haƙoran ta mayar, tana murɗawa a hankali kamar mai tsoron tada barci.

Umma ta karɓi madubi. Wannan karon ba ta daɗe ba, ta duba ta miƙa. A bakin ƙofa Likita ta ba ni magagarin ta ce in ɓoye shi inda Hajiya ba za ta gani ba, sannan ta ce, "Ki kira ni ki gaya mini ko ya ci."

Ƙusa ɗaya ta kama. Ɗayar ta fara rawa bayan 'yan makonni, aka cire ta, kuma kamar yadda aka faɗa mana, babu inda za a sake sa wata. Amma wannan daga baya ne.

Ranar dai mun iso ana kiran magariba. Baba yana kan kujerarsa, ƙanwata ta yafa masa bargo. Umma ta wuce shi ta shiga kicin. Na ji tana ɗumama shinkafa, tana dama ta da miya har ta yi laushi. Ta wanke haɓarta, ta canza mayafin da jini ya ɓata. Ta fito da kwano, ta jawo 'yar kujera ta zauna a gabansa, daidai inda hasken fitilar baranda ke sauka.

"Mai Agogo, an wuni lafiya?"

Leɓen a kumbure yake, murmushin da ƙyar ya fito. Ya kafe ta da ido. Ya ɗan matso, ya runtse ido ɗaya kamar gilashin yana nan. Ni da ƙanwata muna tsaye, babu mai numfashin kirki. Sai na ga kafaɗunsa sun sauka.

"'Yar Taga. Ina kika shige haka?"

"Asibiti na je. Layi ne ya yi yawa."

"Ai sai ki aiko." Ya kama gefen mayafinta ya riƙe. Ya rage murya, ya waiga wajen falo. "Wata baiwar Allah ta zo tun ranar da kika fita, tana nan ba ta tafi ba. Mutuniyar kirki ce, ita ke ta hidima da gidan. Amma tana da damuwa. Kullum ina jin ta a kicin tana kuka, ni kuma ba muharraminta ba, na rasa yadda zan tambaye ta. Ki je ki ji abin da aka yi mata."

Umma ta sunkuyar da kai tana juya cokali a cikin kwanon. Ta daɗe tana juyawa.

"Na gan ta," ta ce. "Mun yi magana. Ta tafi gida."

"Kin ba ta wani abu dai ko? Kada ta tafi hannu rabbana."

"Na ba ta."

"Madalla," in ji Baba. Ya dubi kwanon. "Ke kin ci?"

"Sai ka ci."

Ta ɗebo rabin cokali ta hura, iskar tana fita ta tagar da 'yar ƙara. Ya buɗe baki.